Talatar da Ambasada Ya Tsallake Layi

Yawancin ranakun aikina sun gauraye a kaina, ba na iya raba wannan da waccan, amma akwai wata Talata ta tsakiyar damina da har gobe ba zan manta da ita ba. Ita ce ranar da na ɗaga wa sa'an mahaifina murya a gaban jama'a, dattijon da duk Wudil ba mai gaishe shi a tsaye. Ku da kuka shigo aikin jinya a bayanmu kuna yawan tambayata me ya sa nake da zafi a kan maganar layi. To ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ni ce babbar ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Sabon Garin Wudil. Ga wanda bai san tsarin irin waɗannan asibitoci ba, ba mu da likita zaunanne. Shugabanmu shi ne incaji, Malam Tijjani, jami'in lafiya ne ba likita ba, shi ke sa hannu a komai, shi ke amsa tambayar na sama. Likita daga Kano yake zuwa, ranar Talata kaɗai, saboda masu hawan jini da masu ciwon suga. Yakan iso da hantsi, da an kira azahar ya yi salla ya kama hanya, don yana da wani aikin a birni da yamma. Wanda bai samu ganinsa ba sai wata Talatar. Nawa aikin shi ne in karɓi kati, in auna jini da suga, in tura mutum ciki. Wato layi nawa ne. Idan ya tafi daidai ba mai tunawa da ni, idan ya cuɗe kuwa Sista Rabi za a nema.

Shi dattijon ba sai na faɗi sunansa ba, don har jikokinsa Ambasada suke ce masa. Da ƙuruciyarsa malamin firamare ne a Utai. Daga nan jama'a suka tura shi majalisar tarayya, kuma tsofaffi sun ce a can bai bar kowa ya sha ruwa ba sai da aka amince da gina asibitin nan namu. Da sojoji suka rushe majalisa ya dawo gida ya kama noma, ba a ji ya je ƙofar kowa neman muƙami ba. Bayan wasu shekaru aka neme shi aka tura shi jakada wata ƙasar Larabawa inda mutanenmu suke da yawa, masu ibada da masu neman abinci. Da ya gama wa'adinsa bai zauna Abuja ba, bai zauna birni ba, ya dawo gidan mahaifinsa. Mutumin kirki ne, wannan ba na ja. Sai dai duk tsawon aikina ban gamu da mutumin kirkin da ya ba ni ciwon kai kamarsa ba.

Hawan jini gare shi, kuma yana da babban likitansa a Kano. Amma ya ce shi a wurinmu zai riƙa karɓar magani, wai idan wanda ya yi faɗan gina asibiti ba ya shan maganin asibitin, wa zai yarda da shi. Da Malam Tijjani ya ji wannan labari har fenti ya sa aka yi wa baranda. Ni ma na yi murna, don ban san abin da ke tafe ba.

Talatar farko direba ya sauke shi a bakin get. Ya shigo da katinsa a hannu, ya yi sallama, ya tambayi wane ne na ƙarshe, ya je ya tsaya a bayansa. Na fita na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ya taho ga kujera a ciki. Ya yi murmushi ya ce ai ya tarar da mutane, zai jira nasa lokacin. Na ɗauka kawaici ne irin na manya, wanda idan ka sake roƙo sai su amsa. Ashe da gaske yake yi.

To kun san mutanenmu. Wanda ke gabansa wani tsohon mahauci ne, yana waigowa ya ga wanda ke tsaye a bayansa sai ya zame takalmi, ya zagayo ya koma bayan Ambasada. Ambasada ya ce a'a, ya zagaya ya koma bayan mahaucin. Na gaba ya ga haka, shi ma ya taso. Kafin in gama auna mace ɗaya in ɗaga kai, benci ya zama wayam, layi ya juya yana tafiya da baya, ya sauka daga baranda ya nufi get. Likita yana ciki yana buga ƙararrawa a turo mutum, ni ba ni da wanda zan tura, ga marasa lafiya cike da tsakar asibiti, wannan ya ce bismilla ranka ya daɗe, shi kuma ya ce a'a, bismilla dai.

A nan na ga aikin jakadanci da idona. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Zai kama hannun mutum ya tambaye shi gida, ya tambayi mahaifinsa, ya tambayi gona da yadda ruwa ya sauka a garinsu, ya tuna masa wani kawunsa da suka yi makaranta tare, yana magana yana jan sa a hankali har mutum ya tsinci kansa a ƙofar likita. Sai ya dawo ya kama na gaba. Abin gwanin ban sha'awa ga mai kallo. Amma lokacin da yake ɗauka kafin ya shawo kan mutum ɗaya ya isa likita ya duba mutum uku. Azahar na yi likita ya rufe jaka, mutane da dama ba a gan su ba. Wani makon har shi Ambasadan ba a kai kansa, sai ka ga ya tafi fuska a sake yana ce wa jama'a Allah ya kai mu wata Talatar, kamar wanda ya ci zaɓe.

Babu dabarar da ban yi ba. Na yanka kwali na rubuta lamba, duk wanda ya zo in miƙa masa tasa. Kafin likita ya zauna, lamba ta ɗaya ta bi hannu-hannu wani ya zura ta a aljihun Ambasada bai sani ba. Da ya ciro ta sai ya shiga bin layi yana cigiyar mai ita, kamar wanda ya tsinci akuya a gonarsa. Na ce ya riƙa shigowa ta ƙofar baya ba wanda zai gan shi, ya ce ƙofar baya ita ta kashe ƙasar nan. Na ce zan riƙa zuwa gida ina auna shi in kai masa magani, ya ce ya yarda idan zan bi gidan kowa har Lajawa. Kullum da murmushi, kullum da Allah ya yi miki albarka 'yata. Mutum ne da zai ce maka a'a ka tafi kana yi masa godiya, sai ka isa gida haushi ya kama ka.

Na kai ƙara wurin Malam Tijjani, ya kama haɓa ya ce, "Sista Rabi, ki rufa min asiri. Mutumin da manyan ƙasar nan ke zuwa gaida shi da salla, ni zan gaya masa inda zai tsaya?" Ya ce in yi haƙuri, ai abin koyi ne, har yana tunanin a ɗauki hoto a manna a bango. Likita kuma matashi ne, ya ce shi aikinsa daga ƙofa zuwa ciki ne, abin da ke baranda nawa ne. Haka na koma teburina ina cin rai ni kaɗai.

Cikin masu zuwa akwai Malam Sale, manomi daga Lajawa, mai ciwon suga. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana. Kafin a buɗe get yana nan, don haka kullum shi ne na farko. Kowa Ambasada yana iya shawo kansa ban da shi. Da ya zo wurinsa sai Malam Sale ya tsuguna ya sunkuyar da kai ya ce ranka ya daɗe sai ka shiga, daga nan ko za a kwana ana lallashi ba zai ƙara kalma ba. Da tafiya ta yi tafiya ma sai ya daina zama a benci, ya koma can gindin darbejiya kusa da katanga, nesa da kowa. Katinsa in ɗauko da safe, in mayar da azahar ba a rubuta komai ba. Na yi masa faɗa ba sau ɗaya ba, amsarsa dai ita ce ba komai Sista, wata Talatar ma rana ce. Kullum yana sanye da safa da takalmin roba mai rufi, wanda ba abin mamaki ba ne ga manomi da damina.

Ranar da nake ba ku labari an yi ruwa da asuba, rana ta fito da zafi mai sa gumi. Azahar ta kusa, likita ya fara duba agogo. Na fita zubar da ruwan wanke hannu, na bi ta kusa da darbejiyar nan, sai wani wari ya bugi hancina. Duk wanda ya taɓa wanke ruɓaɓɓen ciwo ya san warin nan, ba ya kama da na kwata, ba ya kama da na komai. Na duba, ga ƙudaje sun yi dafifi a kan takalmin Malam Sale na dama. Na tsuguna na ce ya cire. Ya ce ba komai. Na ce idan bai cire ba zan cire da hannuna a gaban kowa, sannan ya cire a hankali yana kau da kai.

Babban yatsan da na kusa da shi sun yi baƙi ƙirin, kumburi ya hau har bayan ƙafar, an ɗaure da tsumma da wani dakakken ganye. Ya ce kututturen dawa ya taka wajen huɗa tun farkon damina, kuma ba ya yi masa zafi. Haka ciwon suga yake, yana kashe jin zafi, mutum yana ruɓewa yana cewa da sauƙi. Dalilin da ya sa ya koma gindin bishiya kuwa, wai kada warin ya kai ga Ambasada. Na ji kamar in ɗora hannu a ka. Na ce masa ya tashi yanzu-yanzu mu shiga, ƙafar nan ba za ta kai wata Talatar ba. Ya girgiza kai. A duk zuwansa asibitin, ranar ce ya yi min magana mai tsawo.

"Sista, mahaifina a ƙasar da Ambasada yake jakada ya rasu, ba mu da kowa a can. Shi ya yi masa wanka da hannunsa, ya sa shi a kabari, da ya dawo ya kawo mana hularsa da carbinsa har Lajawa. Na yi wa Allah alkawari ba zan taɓa shiga gabansa ba, ko a masallaci ne."

Na ruga na gaya wa likita. Ya ce a shigo da shi kan gado maza, daga wanda ke gabansa zai tashi. Na kira mai gadi mu kama shi, Malam Sale ya ce kada a wahalar da kai, ko likitan ne ya fito da kansa ba zai bari a duba shi ba kafin a duba Ambasada. Ba ya kuka, ba ya gardama, yana zaune yana kore ƙuda da gefen rigarsa. Ka ga mutum zai rasa ƙafa saboda ladabi.

Na juya wurin Ambasada. Yana kusa da ƙarshen layi riƙe da hannun wani tsoho, yana tambayarsa ko har yanzu ana samun manyan kifi a ƙarƙashin gada. Na durƙusa na rage murya na ce Baba, don Allah yau kaɗai ya shiga yanzu, akwai dalili. Ya dube ni da murmushin nan nasa ya ce 'yata, kullum akwai dalili, ai da dalili manya suke tsallake talakawa. Ya gyara tsayuwa zai fara yi min bayanin adalci. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Baba, kai idan likita ya tafi bai gan ka ba, gobe direba zai kai ka Kano. Waɗannan ina za su je? Layin nan da kake bi kai ba ya cin ka komai, su yake ci. Manyan da ke tsallake layi ɗan lokaci kaɗan suke ɗauke mana su tafi, kai kuwa safiya guda kake cinyewa. Taso ka ga abin da adalcinka ya yi."

Wata tsohuwa ta fara salati ƙasa-ƙasa. Na hango Malam Tijjani a ƙofar ofis ya dafe kai, na san a ransa ya riga ya kwashe kayansa. Ni ma na tsorata, amma haushi ya fi tsoro yawa. Murmushin Ambasada ya ɗauke. Ya saki hannun tsohon ya biyo ni.

Da Malam Sale ya ga mun nufo shi sai ya ja riga zai rufe ƙafar, na riƙe rigar. Ambasada ya tsuguna, farar babbar rigarsa a cikin taɓo, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni tun yaushe mutumin nan yake zuwa ba a duba shi, na ce tun ranar da shi Ambasada ya fara zuwa bin layi. Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, ya miƙo min katinsa, ya nufi baranda. Ya wuce jama'ar nan duka bai gaida kowa ba, bai kalli kowa ba, ya tura ƙofar likita ya zauna ya naɗe hannun riga. Likita ya ɗaura masa abin awo ya kwance. Ya fito ya tsaya a bakin baranda.

"Sale, na shiga. Saura kai."

Sai a lokacin Malam Sale ya tashi, mai gadi ya tallafe shi. Likita yana buɗe ƙafar ya ce Kano, yau ba gobe ba. Ya ce da tun farko aka gani, wanki da magani sun isa. Motar asibiti tana wurin gyara, don haka motar Ambasada aka matso da ita. A bakin motar Malam Sale ya sake tsayawa, na ce a raina yau ga wata sabuwa. Ambasada bai ce masa bismilla ba, ya buɗe ya riga shi shiga, sannan Malam Sale ya shiga. A Kano aka yi masa tiyata aka yanke rabin ƙafar, aka bar masa diddige. Ya rayu, yana tafiya da sanda, amma bai sake bin shanun huɗa ba.

Washegari Malam Tijjani ya kira ni ofis ya ce na kashe shi, na kashe kaina, ko dai in bi shi mu je ban haƙuri ko ya rubuta ni sama kafin a rubuta shi. A aikin gwamnati idan aka rubuta ka sama, takardar tuhuma ce za ta biyo baya, daga nan sai canjin wurin aiki zuwa inda ko babur ba ya zuwa da damina. Na sa mayafi na bi shi, amma a zuciyata ban ga abin da zan ba da haƙuri a kai ba. Bayan la'asar muka same shi a zaure. Malam Tijjani ya zube ya fara jero ban haƙuri, wai yarinya ce, alhali ina da jika a lokacin. Ambasada ya ɗaga masa hannu, ya roƙe shi ya ɗan jira a waje.

Ya ce in zauna. Ya ce min a shekarun da yake jakada, wata shekara bayan an gama aikin hajji alhazanmu sun yi kwanaki a filin jirgi suna kwana a ƙasa suna jiran a kwaso su. Duk jirgin da ya zo sai manya su bayyana da iyalansu da masu ɗaukar musu jaka, a bugo waya daga sama, a ba su kujeru, a ce wa tsofaffin ƙauye su jira na gaba. Ya ce ya yi magana, amma maganar ba ta yi ƙarfin da ya kamata ba. Cikin waɗanda aka yi ta ɗagawa akwai wani tsoho daga Lajawa, wanda zazzaɓi ya kama shi a wurin jiran ya rasu. Shi ne mahaifin Malam Sale. Yana cikin yi masa wanka ya rantse ba zai sake shiga gaban kowa a layi ba har ya mutu. Iyalin sun san ya binne musu uba, ba su san yadda uban ya mutu ba.

"A kan gawar uban na yi rantsuwar," in ji shi, "ga shi rantsuwar ta cinye ƙafar ɗan."

Na zo da haushina a cike, sai na ji tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da nake jin tausayin. Ya ce zai yi kaffara, sannan ya tambaye ni, a matsayina na mai layi, yaya nake so a yi. Na ce ya zo, ya wuce kai tsaye, a auna shi, ya fita, ba gaisuwa ba tambayar gona. Ya ɗan yi dariya ya ce ya zauna da sarakuna da ministoci, ba a taɓa gindaya masa sharaɗi mai tsauri irin wannan ba. Ya amince, amma shi ma da nasa sharaɗin. Kada in gaya wa kowa dalili. Waɗanda ke baranda ranar sun ji faɗa, sun ga an fita da mara lafiya, amma ba su san alkawarin da ke tsakani ba. Ya ce idan aka sani za a mayar da Malam Sale abin labari a gari, a ce wautarsa ta ci ƙafarsa, shi kuma Malam Sale zai ɗora wa kansa cewa shi ya sa Ambasada ya karya rantsuwa. Ya ce abin da Malam Sale ya rasa ya ishe shi. Maganar rubuta ni sama kuwa ba ta sake tashi ba.

Daga ranar, duk Talata mota za ta tsaya, ya fito ya ratsa baranda kansa a ƙasa, ya shiga ya fito. Idan ya zo daidai teburina sai ya rage murya ya ce Sista, na yi daidai? In ce ka yi daidai Baba, wuce. Layi ya miƙe, likita ya riƙa gama kowa kafin azahar har ya samu lokacin shan shayi.

Sai kuma mutanenmu. Su ɗin nan da suke zame takalmi suna roƙonsa ya shiga gaba, su ne suka fara cewa Ambasada ya canza. A kasuwa na ji, a gidan biki na ji. Wai tsufa ya zo masa da girman kai, wai ko gaisuwa ba ya amsawa, wai dama manyan nan duk halinsu ɗaya, na baya duk siyasa ce. Tsohon mahaucin nan da kansa ya ce min shi dama ya san za a yi haka. Harshena ya yi ta ƙaiƙayi, na yi ta haɗiye magana har na gaji. Na tabbata maganganun suna kai masa, don garin ba shi da girman da za a ɓoye irin wannan. Mutumin da ya yi majalisa ya yi jakadanci bai tara komai ba sai suna, sunan nan shi ya ajiye a barandarmu duk mako, bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba.

Da Allah ya yi masa rasuwa na je gaisuwa cikin gida. Wata mata a kusa da ni ta ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai a ƙarshe ya ɗan ɗauki kai. Na dube ta na ce amin. Maza da suka je maƙabarta sun ce Malam Sale ya zo tun daga Lajawa, aka ce ya hau mota a kai shi gaba saboda ƙafarsa, ya ƙi, ya bi bayan makara da sandarsa har aka isa. Bara shi ma ya rasu, shi ya sa yau bakina ya buɗe.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, layin asibiti ba na wanda ya riga zuwa ba ne, ba kuma na wanda ya fi girma ba, na wanda ya fi jin jiki ne, kuma ba mai gane shi sai ku. Mai hayaniya da mai tsallake layi ba su ne abin tsoro ba, waɗannan kowa yana ganin su. Ku ji tsoron mai kunya, wanda ya koma can gefe yana cewa ba komai. Mutanenmu suna iya mutuwa a zaune don kada a ce ba su da ladabi, kuma babba yana iya cutar da su da kirkinsa bai sani ba. Dole a samu wanda zai yi rashin kunyar, kuma a asibiti wannan aikin namu ne.

Ni dai daga wannan Talatar har na yi ritaya, ban sake taɓa kati da safe ba sai na fita na zaga layi har gindin darbejiya, duk mai ciwon suga da na gani da safa in ce ya cire in ga ƙafa, ko limami ne ko mai unguwa. An yi ta cewa Sista Rabi ba ta da ta ido, ba ta san manya ba. Na yarda, ban damu ba. Wanda ya fi ni daraja nesa ba kusa ba ya yarda an ce masa mai girman kai har ya shiga kabari, kuma shi bai samu ranar da zai zauna ya faɗi dalilinsa ba kamar yadda na zauna yau.